Bob Marley: tauraron da sankarar yatsan ƙafa ta ɗauke yana da shekara 36

An haifi Robert Nesta Marley ranar 6 ga Fabrairun 1945 a ƙauyen Nine Mile na ƙasar Jamaika. Ya girma a Trench Town, unguwar talakawa mai cunkoso a birnin Kingston, irin wadda mazaunin Nima ko Maamobi ba zai ji baƙunci a cikinta ba. A can ne shi da Peter Tosh da Bunny Wailer suka kafa ƙungiyar Wailers a 1963, wadda ta kai kiɗan rege duniya.

A Disambar 1976 'yan bindiga suka harbe shi a gidansa, ya tsira da rauni, ya koma Landan inda ya yi faifan Exodus. A Yulin 1977 likitoci suka duba wani baƙin tabo a ƙarƙashin farcen babban yatsansa na ƙafar dama, wanda aka ɗauka raunin ƙwallo ne. Ashe melanoma ce, sankarar fata. Suka ba shi shawarar yanke yatsan, ya ƙi saboda aƙidarsa ta Rasta, sai aka cire farcen da naman da ke ƙarƙashinsa.

Ya ci gaba da wasa, har ya yi waƙa a bikin 'yancin kan Zimbabwe a Afrilun 1980. A Satumbar shekarar ya yanke jiki ya faɗi yana sassarfa a New York, aka gano cutar ta kai ƙwaƙwalwa da huhu da hanta. Bayan jinyar watanni a Jamus, ya rasu a Miami ranar 11 ga Mayun 1981. Matarsa Rita ta zauna shekaru da dama a Konkonuru, kusa da Aburi a Ghana.

Irin melanomar da ta kama shi ba zafin rana ke kawo ta ba. Takan fito a tafin ƙafa, tafin hannu ko ƙarƙashin farce. Ba ta da yawa a duniya, amma ita ce aka fi samu a jikin baƙar fata.

A yau likitoci na da alamomin da suke hasashen makomar majinyaci da su. Na farko kaurin ƙarin, ma'aunin da Alexander Breslow ya fitar a 1970: wanda bai kai milimita 1 ba yawanci ana warkewa, wanda ya haura milimita 4 kuwa haɗarinsa babba ne. Sai ko ƙarin ya zama gyambo, ko ya kai kaluluwa, da kuma yawan sinadarin LDH a jini idan cutar ta bazu. Ana kuma binciken ƙwayoyin gado. Sauyin BRAF, wanda ake da magungunansa, yana cikin kusan rabin melanomar da aka saba gani, amma ya yi ƙaranci a wannan nau'in, abin da ke rage zaɓin magani.

Shi ya sa gano ta da wuri ya fi komai. Baƙin layi a farce mai ƙara faɗi, ko tabon tafin ƙafa da ya ƙi warkewa, ba na mai yankan farce ba ne. A Accra, asibitin koyarwa na Korle Bu na da likitocin fata da cibiyar kula da masu sankara.