Tarihin Abul Ƙasim Az-Zahrawi, Likitan Andalus

Duk wanda ya lura da ƙafafun 'yan dako, ko manoma, ko iyayenmu mata da suka sha haihuwa, ba zai rasa ganin wata jijiya ta kumbura ta nannaɗe a sha-raɓa kamar igiya ba. Da yamma ƙafar takan yi nauyi, ta riƙa zogi. In abin ya daɗe, har gyambo yakan fito kusa da idon sawu, ya ƙi jin magani. To, fiye da shekara dubu da suka wuce akwai likitan da ya zauna ya rubuta yadda ake cire irin wannan jijiya. Sunansa Abul Ƙasim Halaf ɗan Abbas Az-Zahrawi, Turawa kuwa Albucasis suke ce masa.

An haife shi wajen shekarar 936 Miladiyya a ƙasar Andalus, watau Sifen ta yau. Ya sami laƙabinsa daga Madinatuz Zahra, birnin sarauta da Halifa Abdurrahman na Uku ya gina kusa da Ƙurɗuba. Ya yi aikin likita a fadar Halifa Hakam na Biyu, wanda ya yi mulki daga 961 zuwa 976, sarki mai tsananin son littattafai.

Wajen shekarar 1000 ya gama babban littafinsa, At-Tasrif, mai kashi 30. Kashi na ƙarshe shi ya ɗaga sunansa, domin a nan ya yi bayanin aikin fiɗa. Ya raba shi uku: ƙona ciwo da ƙarfe mai zafi, irin wanda muke kira lalas, sa'an nan yanka da tsaga, sa'an nan ɗori. Ya kuma zana surar kayan aiki kusan 200, don ɗalibi ya gani da idonsa, maƙeri kuma ya iya ƙerawa.

Ɗalibansa 'ya'yana yake kiransu, yana kuwa jan kunnensu kada su ɗauki wuƙa sai sun san ginin jikin mutum. Ya ba su labarin wani jahilin likita da ya ga ya tsaga kumburi a wuyan wata mata, ya yanke jijiyoyin jini, ta yi ta zubar da jini har ta cika a hannunsa.

Game da kumburin jijiyar ƙafa, ya karanta abin da likitocin Girka suka bari, musamman wani mai suna Paul na tsibirin Aegina, ya tsara aikin daki-daki. Da farko a aske ƙafar, a gasa ta da ruwan zafi har jijiyar ta cika ta fito fili. Sai a tsaga fata a kanta, a buɗe da ƙugiya, a zura tsinken ƙarfe ta ƙarƙashinta a ɗago ta. A ƙara tsagawa a gaba, misalin faɗin yatsa uku, a yi ta yin haka har ƙarshen kumburin. Daga nan a yanke ta, a riƙa zaro ta daga wannan tsaga zuwa waccan har ta fita duka. Ya gargaɗi mai aikin kada ya bari ta tsinke, don cire ragowar yana da wuya, mara lafiya kuma zai cutu. Mu tuna fa, a zamanin babu allurar kashe zafi irin ta yau.

Amma hanyar jirgi daban, ta mota daban: iya aiki bai sa ya gane asalin cutar ba. Shi da likitocin zamaninsa sun ɗauka wani baƙin ruwa ne mai kauri yake taruwa a jijiya. Sai a 1603 wani malami a Padua ta Italiya, Fabricius, ya wallafa bayanin wasu 'yan ƙyamare da ke cikin jijiya, ɗalibinsa William Harvey na Ingila kuma ya nuna a 1628 cewa jini zagayawa yake yi a jiki. Waɗannan ƙyamare su ke hana jinin da ya nufi zuciya komowa ƙasa. In suka lalace, jini ya taru a ƙafa, jijiya ta kumbura.

Da aka gane haka sai magani ya ci gaba. Wajen 1890 Trendelenburg na Jamus ya riƙa ɗaure babbar jijiyar a cinya. A 1907 Babcock na Amurka ya fito da wata waya da ake zurawa cikin jijiya a zaro ta. A 1966 Robert Muller na Suwizalan ya bayyana hanyar cire ta da 'yar ƙugiya ta ƙananan huji, wadda ta yi kama ƙwarai da ta Az-Zahrawi. Tun wajen shekarar 2000 kuwa, likita yakan duba jijiyar da na'urar hoton cikin jiki, ya zura siririn bututu, ya rufe ta daga ciki da zafi, mara lafiya ya taka da ƙafarsa ya koma gida a ranar. Saboda haka, iyaye, mai wannan ciwo asibiti ya kamata ya nufa, kada ya miƙa ƙafarsa a tsaga masa a gida.

Wajen 1010 yaƙin basasa ya ci Madinatuz Zahra, ta zama kufai. Az-Zahrawi ya rasu wajen 1013. Birnin ya rushe, littafin ya tsira. A ƙarni na 12 Gerard na Cremona ya fassara kashin fiɗa zuwa Latin a birnin Toledo, likitocin Turai suka yi ɗaruruwan shekaru suna karatu da shi.

'Yan'uwana ɗalibai, da ya ɓoye saninsa a ciki, da an binne shi tare da shi. Ya rubuta, ya zana, na baya suka gyara kuskurensa suka ɗora. In malamin kimiyya ya sa mu zana abin da muka gani, mu zana shi da kyau. Allah ya jiƙan Az-Zahrawi, amin.