Robert Mallet da Igwar da ba ta Je Yaƙi ba

An haifi Robert Mallet a birnin Dublin, a ƙasar Ailan, a shekara ta 1810. Ubansa yana da babbar maƙera inda ake narka ƙarfe ana zuba shi. Da Robert ya gama karatu a jami'a, sai ya shiga aikin ubansa. Suka yi ta ƙera gadoji da kayan hanyar jirgin ƙasa.

A shekara ta 1854, Ingila da Faransa suka shiga yaƙi da Rasha a wani yanki da ake kira Kirimiya. Suka kewaye birnin Sebastopol, amma ganuwarsa ta gagare su. Wata ya bi wata, sojoji suna ta mutuwa da sanyi da ciwo.

Akwai wata irin igwa gajera mai faɗin baki. Ba ta harbi kai tsaye. Sama take jefa harsashi, ya haye ganuwa, sa'an nan ya faɗo a kan abokan gaba. Da Faransanci sunanta mortier, wato turmi, don ta yi kama da turmin daka. Mallet ya ƙudura zai yi wadda ba a taɓa ganin irinta ba.

To, ga wuyar: in aka zuba igwa mai girma haka a dunƙule, babu dokin da zai ja ta, kuma ƙarfen zubi mai kauri yakan tsage. Sai Mallet ya yi dabara. Ya tsara ta gunduwa-gunduwa. Zobban ƙarfe ne ake ɗora wani bisa wani, a ɗaure su da dogayen sanduna. Ta haka za a iya kwance ta, a kai ta bakin daga, a sake haɗawa. Faɗin bakinta santimita 91. Yaro zai shiga ciki ya zauna sarai! Nauyinta ya wuce tan 40, harsashi guda kuwa ya fi tan ɗaya.

Manyan soja suka yi ta jan ƙafa. Amma shugaban gwamnatin Ingila, Palmerston, ya ba da umurni a ƙera guda biyu. Aiki ya yi nawa, har kamfanin da aka ba shi ya karye. Kafin a gama, Sebastopol ta faɗi, an yi sulhu a 1856.

Sai a watan Oktoba na 1857 aka gwada ɗaya kusa da Landan. Ta jefa harsashi har wajen kilomita biyu da rabi. Amma duk gwajin da aka yi, sai wani abu ya karye a jikinta. Bayan harbi 19 gwamnati ta ƙi ƙara kuɗin gyara. Ɗayar kuwa ko sau ɗaya ba a harba ta ba.

Mallet yana da wani aiki da ya daɗe yana so: binciken girgizar ƙasa. Tun 1849 ya binne albarushi a rairayin bakin teku, ya tashe shi, ya auna saurin da motsin ke tafiya cikin ƙasa. A watan Disamba na 1857 ƙasa ta girgiza a kudancin Italiya, mutane dubbai suka mutu. Mallet ya tafi can, ya bi ƙauyukan da suka rushe bisa duwatsu. Yana duba yadda bango ya tsage da inda ginshiƙi ya faɗi, don ya gane daga ina girgizar ta taso. Littafin da ya fitar a 1862 ya sa ana ƙirga shi cikin waɗanda suka kafa wannan ilimi.

A ƙarshen rayuwarsa ya makance. Ya rasu a Landan a 1881. Igwoyinsa biyu suna nan a Ingila, mutane suna zuwa kallo.