Carrie Judd Montgomery: Ta Tashi Daga Gadon Ciwo, Ta Shimfiɗa wa Baƙi Gado

Karatu: Markus 1:29-31

Ka san labarin surukar Bitrus. Yesu ya fito daga majami'a a Kafarnahum, ya shiga gidan Saminu da Andarawas, ya tarar da ita kwance da zazzaɓi. Ya kama hannunta ya tashe ta, zazzaɓin ya sake ta. Abin da Markus ya rubuta bayan haka gajere ne ƙwarai: ta yi musu hidima. Matiyu da Luka ma da wannan suka rufe labarin. Yau za mu duba rayuwar wata baiwar Allah wadda Ubangiji ya tashe ta kamar haka, ita kuma ta yi shekara 67 tana hidima da lafiyar da aka ba ta.

An haifi Carrie Judd ran 8 ga Afrilu, 1858, a birnin Buffalo, cikin jihar Niyok ta Amurka. Ita ce ta huɗu cikin 'ya'ya takwas. Iyayenta masu bi ne, 'yan ikkilisiyar Efiskofal, wato reshen Angalikan na Amurka. Yarinya ce mai son karatu da rubutu, tana makarantar horon malamai, burinta ta koyar.

A shekarar 1876 ta zame a kan daɓen dutse na gefen titi, ta faɗi ta bugu a ƙashin baya. Da farko ta daure ta ci gaba da zuwa makaranta, amma jiki ya yi ta raguwa. A watan Janairu na 1877 ciwon ya kwantar da ita. Fiye da shekara biyu ko juyawa a kan gado ba ta iyawa sai an juya ta. Haske yana sa ta azaba, ƙara kaɗan ma haka, don haka aka rufe tagogin ɗakinta, mutanen gida suka koma magana ƙasa-ƙasa. Likitoci sun yi iyakar ƙoƙarinsu. Ta rame har dangi suka fara fid da rai. Ga yarinya 'yar shekara 20, sa'o'inta suna aure suna kama aiki, ita kuwa tana kwance cikin duhu.

Ana cikin haka mahaifinta ya karanta a jarida labarin wata mata mai suna Sarah Mix, a jihar Kanetikat, wadda take yi wa marasa lafiya addu'a. Sarah baƙar fata ce, kuma a lokacin shekara 14 ke nan kacal da hana bauta a Amurka. Ba kowane Bature ne zai nemi addu'ar baƙar mace a wannan zamani ba. Ita ma Sarah ta taɓa kwanciya da tarin fuka, Ubangiji ya warkar da ita a 1877 bayan wani bawan Allah, Ethan Allen, ya yi mata addu'a. Tun daga ranar ta ba da kanta ga yi wa waɗansu abin da aka yi mata.

Carrie ba ta iya riƙe alƙalami, sai 'yar'uwarta ta rubuta wasiƙa a madadinta. Amsa ta zo da sauri. Sarah ta nuna mata alkawarin da ke cikin Yakubu sura 5 game da addu'ar bangaskiya da ke ceton marar lafiya. Ta sa rana da lokaci: Laraba, 26 ga Fabrairu, 1879, tsakanin ƙarfe 3 da 4 na yamma. A wannan sa'a za su yi addu'a a can, ita ma Carrie ta yi a nan, sa'an nan ta motsa ta tashi cikin sunan Yesu. Ɗaruruwan kilomita ne tsakaninsu, ba su taɓa ganin juna ba.

Da lokacin ya yi, Carrie ta yi ta fama da tsoro da shakka a zuciyarta, har ta kai ga jingina ga Maganar Allah kaɗai. Sai ta juya da kanta, ta tashi zaune da kanta, abin da ba ta yi ba cikin shekara biyu. Mai jinyarta ta ɗan riƙe ta, ta taka 'yan sawu zuwa kujera. Ka lura, ɗan'uwa, ƙarfinta bai dawo rana ɗaya ba. Sai da ta yi makonni kafin ta zaga ɗaki ita kaɗai, ta sauka daga bene, kuma sai cikin Afrilu ta fita ƙofar gida. In taka warkarwar tana zuwa sannu a hankali, kada ka ce ba hannun Allah ba ne.

A nan yawancin shaidunmu suke ƙarewa. Mukan tashi ran Lahadi mu faɗa, ikkilisiya ta ɗaga murya da Halleluya, mu ba da baikon godiya, mu koma gida. Wannan daidai ne, yaba kyauta tukwici. Amma a wurin Carrie, daga nan aikin ya soma.

Jaridu suka buga labarinta, wasiƙu suka yi ta zuwa daga marasa lafiya masu tambaya ko su ma akwai bege dominsu. Ta zauna tana amsawa. Da wasiƙun suka fi ƙarfinta, sai ta rubuta littafi a kan addu'ar bangaskiya a 1880, aka fassara shi zuwa harsunan Turai da dama. A 1881 ta fara buga mujallar wata-wata mai suna Triumphs of Faith, wato nasarorin bangaskiya, ta kuwa riƙe ta shekara 65, har ƙarshen ranta. A gidan iyayenta aka keɓe ɗaki guda domin addu'a, mutane suna taruwa kowane mako.

Ba da daɗewa ba ta ga wata bukata. Masu zuwa daga nesa ba su da masauki. Waɗansu sun daɗe da ciwo har zuciyarsu ta karai, addu'ar minti biyar a ƙarshen taro ba ta ishe su ba. Suna bukatar gado mai tsabta, abinci, wuri shiru, da wanda zai zauna kusa da su ya buɗe musu Littafi Mai Tsarki kwana da kwanaki. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo: wadda ta yi shekara biyu a ɗaki mai duhu ta san abin da mai jinya yake ji. A watan Afrilu na 1882, ba aure, ba dukiya, ta buɗe wani gida a Buffalo domin irin waɗannan baƙi, tana dogara ga Ubangiji ya biya bukatun gidan ta hannun masu bayarwa da yardar rai. Wadda aka yi ta juyawa a kan gado, ita ce yanzu take shimfiɗa wa waɗansu.

Akwai wani abu da bai kamata a ɓoye maka ba. Sarah Mix, wadda ta yi mata addu'a, ta rasu a 1884, kuma tarin fukan nan ne ya dawo. Shekara bakwai kawai ta samu bayan warkarwarta. Wani zai ce, to ina amfanin? Amfanin shi ne abin da ta yi da shekarun nan bakwai, gama cikinsu ne ta rubuta wasiƙar da ta tashi Carrie. Li'azaru ma da Yesu ya kira daga kabari ya sāke mutuwa daga baya. Kowace warkarwa a duniyan nan ƙarin kwana ce, cikakkiyar lafiya tana jiranmu ranar tashin matattu. An ba wata shekara 7, an ba wata 67. Tambayar da za a yi wa kowa ɗaya ce: me ka yi da kwanakin da aka ƙara maka?

A watan Mayu na 1890 Carrie ta auri George Montgomery, attajiri mai harkar ma'adinai, wanda shi ma ya ba da shaidar cewa Ubangiji ya warkar da shi daga ciwon sukari. Suka zauna a Oakland, jihar Kalifoniya, a bakin tekun Fasifik. Allah ya ba su 'ya guda, suka sa mata suna Faith, wato Bangaskiya. Dukiyar George ba ta rufe musu ƙofa ba, sai ma ta faɗaɗa ta. Sun yi aiki da ƙungiyar Salvation Army cikin matalauta. A 1893 suka buɗe babban gida mai suna Home of Peace, wato Gidan Salama. Marasa lafiya suna zuwa a yi musu addu'a. Masu wa'azi da suka gaji suna zuwa su huta. 'Yan mishan masu jiran jirgin ruwa zuwa ƙasar Sin da sauran ƙasashen Asiya, da masu dawowa a raunane, a nan suke sauka. Suka kafa makarantar horon ma'aikatan bishara, a 1895 kuma suka buɗe gidan marayu wanda ya yi shekara 13 yana renon yara.

Da farkawar Fentikos ta ɓarke a titin Azusa na birnin Los Anjalis a 1906, Carrie ba ta yi garaje ba. Ta yi ta dubawa, tana auna abin da take ji da Maganar Allah. Abin da ya rinjaye ta shi ne canjin da ta gani a rayuwar aminanta da suka karɓa. Ran 29 ga Yuni, 1908, a birnin Shikago, tana addu'a tare da wata aminiyarta, aka cika ta da Ruhu Mai Tsarki, ta yi magana da waɗansu harsuna. Shekarunta 50 a lokacin, da kusan shekara 30 na hidima a bayanta, duk da haka ba ta ɗauka ta ƙoshi ba. A 1909 ita da mijinta suka zaga Sin da Indiya da Ingila suna ƙarfafa 'yan mishan. Tana cikin ma'aikatan farko na Assemblies of God da aka kafa a 1914. Amma ba ta yanke zumunci da 'yan'uwan da ba su yarda da ita a kan harsuna ba. Teburin Gidan Salama ya ci gaba da karɓar kowa. George ya rasu a 1930, ita kuma Ubangiji ya kira ta gida ran 26 ga Yuli, 1946, tana da shekara 88.

Yanzu kai fa, ɗan'uwa? Ke fa, 'yar'uwa? Ka tuna ranar da kake kwance kana yi wa Allah alkawari. Ko da addu'a kaɗai ya tashe ka, ko ta hannun likita, shi ne dai ya tashe ka. Kutare goma Yesu ya tsarkake, ɗaya ne ya komo da godiya, shi kuwa Basamariye ne. Tara ɗin ba su yi musun warkarwa ba, gaba kawai suka yi da harkokinsu.

Kada ka ce ba ka da gida irin na Montgomery. Carrie ta fara da ɗaki guda a gidan iyayenta. Matar nan ta Shunem ɗan ƙaramin ɗaki ta yi wa Elisha, da gado, da tebur, da kujera, da fitila. Surukar Bitrus da abin da ke cikin gidan ta yi hidima. Shimfiɗar fuska ta fi ta tabarma. Akwai wanda ya kawo marar lafiya asibitin garinku daga ƙauye, yana kwana a baranda. Akwai ɗalibi a ikkilisiyarku da ba shi da kowa a gari. Akwai gwauruwar da ta daina zuwa sujada don ƙafa ta ƙi, ba kuwa wanda ya leƙa ta. Akwai mai bishara da ya dawo daga fagen aiki a gajiye. Manzo Bitrus, wanda a gidansa aka yi wancan al'ajibi, shi ne ya gargaɗe mu a wasiƙarsa ta fari mu karɓi juna baƙunci ba tare da gunaguni ba. Ka zaɓi mutum ɗaya cikin makon nan. Ka kai masa abinci, ko ka ba shi wurin kwana, ko ka zauna kusa da gadonsa ka karanta masa Magana, ka yi masa addu'ar bangaskiya.

In kuwa har yanzu kai ne a kwance, kada ka fid da zuciya. Ka kira dattawan ikkilisiya su shafe ka da mai su yi maka addu'a, yadda Yakubu ya umarta. Wanda ya shiga gidan Bitrus ya san hanyar ɗakinka.

Addu'a: Ya Uba, na gode maka domin kowace rana da ka ƙara mini. Ka taɓa jikina da ikon Ruhunka Mai Tsarki. Ka buɗe idona in ga baƙon da ka aiko ƙofata, ka ba ni zuciyar karɓarsa da murna. Bari lafiyata, da gidana, da tukunyata su zama naka. Cikin sunan Yesu Almasihu. Amin.