Josef Sudek, mai hannu ɗaya da tagar ɗakinsa

A ajin da nake koyarwa akwai taga mai kallon bishiyar mangwaro. Shekara shida ina wuce ta, ban taɓa tsayawa na dube ta ba, sai da na ci karo da hotunan Josef Sudek a waya.

An haife shi a 1896 a garin Kolin, cikin ƙasar Cek ta yanzu. Ɗinkin littattafai ya koya, sai Yaƙin Duniya na Ɗaya ya ɓarke, aka ɗauke shi soja, aka tura shi fagen daga a Italiya. Can ya ji rauni, a 1917 aka yanke masa hannun dama. Sana'ar ɗinki ta ƙare ke nan. Ya koma ɗaukar hoto, kuma da irin manyan kyamarorin nan masu ƙafa uku, waɗanda ko mai hannu biyu sai ya yi gumi kafin ya kafa su.

A 1926 ya bi wasu abokansa makaɗa zuwa Italiya. Ana cikin tafiya ya ɓace musu, ashe ya tafi neman wurin da ya rasa hannunsa ne. Ya dawo birnin Firag bayan makonni, kuma daga nan bai sake ƙetare iyakar ƙasarsa ba har ya mutu a 1976. Shekara hamsin cur!

Ɗakin aikinsa na katako ne, a tsakar wani gida, ƙanwarsa Bozena tana taimaka masa. Lokacin da Jamusawa suka mamaye birnin, yawo da kyamara ya zama haɗari, sai a 1940 ya juya ta ga tagarsa. Raɓa a kan gilashi, ruwan sama, ƙanƙara, da wata karkatacciyar bishiyar tuffa a waje. Ya yi shekara 14 yana ɗaukar wannan taga, kuma a cikin waɗanda na gani babu biyu da suka zama ɗaya. A 1959 ya fitar da littafi mai faffaɗan hotuna 284 na Firag da kewayenta.

Wani zai ce tsoro ne ya zaunar da shi. Ni dai ban yarda ba. Mu 'yan zango mun tashi muna jin kakanni suna ambaton garuruwan da suka baro, har mukan manta da duban lungun da aka haife mu. Shi nasa lungun ya duba.

Ɗakin ya ƙone a 1985, aka sake gina irinsa a wurin a 2000.