Andre Basamude, ƙaton da girmansa ya ciyar da shi, kuma ya yi ajalinsa

Duk wanda ya taɓa shiga gidan bidiyo bayan an tashi kasuwa, ya kalli kaset ɗin kokowar Turawa, ba zai manta wani ƙato mai baƙar riga mai rataye ɗaya ba, wanda idan ya zo shiga fili sai ya tsallake igiyar sama da ƙafa kamar mai ƙetare dokin ƙofa. Shi ne Andre Roussimoff, wanda Amurkawa suka sa wa suna André the Giant, mu kuwa sai mu ce Andre Basamude. Yau tarihinsa muka kawo muku.

An haife shi ranar 19 ga watan Mayu 1946 a garin Coulommiers na ƙasar Faransa. Iyayensa baƙi ne da suka zo cin rani suka zauna, uban daga Bulgeriya, uwar kuma asalinta Polan. A ƙauyen Molien ya tashi, cikin aikin gona. Ya bar makaranta yana da shekara 14, ya yi noma, ya koyi kafinta, ya yi aikin masana'anta, amma babu wanda ya kwanta masa a rai. Da ya kai shekara 18 sai ya nufi Paris, inda da rana yake dakon kayan masu ƙaura daga gida zuwa gida, da dare kuma yana koyon kokowa. Da farko da sunan Jean Ferré aka san shi.

A shekarar 1970 ya je wasa Japan. A can ne likitoci suka shaida masa cewa wannan girma nasa ciwo ne, wanda suke kira akuromegali. Wani ɗan ƙullutu ne a ƙarƙashin ƙwaƙwalwa ke zuba sinadarin girma fiye da kima, sai ƙashi da hannuwa da fuska su yi ta ƙaruwa ko bayan mutum ya gama tasawa, zuciya kuma ta riƙa wahala wajen ɗaukar jikin. Andre bai yarda an yi masa aikin tsayar da ciwon ba, domin girman nan shi ne jarinsa. Masu tallar wasa suna cewa tsawonsa mita 2 da santimita 24, nauyinsa kilo 236.

A 1971 ya koma Montreal ta ƙasar Kanada. Da fari filin wasa cika yake maƙil, amma daga baya jama'a suka ja baya, don sun ga babu mai iya karawa da shi. Nan ne wani mai shirya kokowa na birnin New York, Vince McMahon babba, ya karɓe shi a 1973, ya yi masa dabarar da kowane ɗan kasuwa ya sani: idan haja ta daɗe a kasuwa ɗaya, darajarta faɗuwa take. Sai ya riƙa ba da hayarsa ga masu shirya wasa gari-gari, ƙasa-ƙasa, ya yi ƴan kwanaki ya wuce tun ba a gaji da ganinsa ba. Da haka kundin Guinness na 1974 ya sa shi a matsayin ɗan kokowar da ya fi kowa samun kuɗi, dalar Amurka dubu 400 a shekara.

Sai dai wannan yawo azaba ne ga mutum irinsa. Kujerar jirgi ta yi masa kaɗan, gadon otal ya yi masa gajarta, makewayin jirgi ba ya shiguwa gare shi. Duk inda ya sa ƙafa ana nuna shi da yatsa. Ya yi suna da shan giya mai yawan gaske, kuma waɗanda suka zauna da shi sun danganta wani sashe na shan da ciwon da yake fama da shi.

A nan ya kamata mu tuna wa masu karatu bambancin wannan wasa da kokowarmu ta gargajiya, wadda ake neman takobinta a Nijar tun 1975. A tamu, wanda ya faɗi ya faɗi, babu wanda ya san gwani sai an kara. A ta Amurka kuwa, kamfani ne ke tsara wanda zai ci tun kafin a fito. Amma faɗuwar da ɗaukar da ciwon duk na gaske ne.

Babban taron shekara-shekara na wannan kokowa shi ne WrestleMania, wanda Vince McMahon ƙarami ya fara ranar 31 ga Maris 1985 a zauren Madison Square Garden na New York. A ranar Andre ya ɗaga Big John Studd ya maka da ƙasa, ya ci jakar dala dubu 15, ya shiga watsa wa ƴan kallo kuɗin har sai da Bobby Heenan, ubangidan Studd, ya fizge jakar ya ruga. A 1986 ma shi ya lashe karon mutum 20.

Ranar da ba a mantawa ita ce 29 ga Maris 1987, a filin Silverdome na garin Pontiac, jihar Michigan. Kafin nan an juya Andre ya zama mugu a cikin labarin wasan, ya bi Heenan, ya yaga wa abokinsa Hulk Hogan riga a gaban jama'a, yana neman ɗamarar zakara. Kamfanin ya yi ta shelar cewa shekara 15 ba a kayar da shi ba, alhali El Canek ya taɓa cin sa a Meziko a 1984. Talla ke nan, kuma ta ci kasuwa: an ba da sanarwar mutum 93,173 suka shiga, kodayake wasu masu bincike sun ce adadin bai kai haka ba. A lokacin bayan Andre ya riga ya lalace, tafiya ma da ƙyar. Duk da haka ya tsaya wajen minti 12, sannan ya bari Hogan ya ɗaga shi ya nana da ƙasa. Da wannan faɗuwa ya miƙa girma ga na baya, taron WrestleMania kuma ya kafu. A shekarar ce kuma ya fito a fim ɗin The Princess Bride.

Ranar 5 ga Fabrairu 1988 aka ba shi ɗamarar, a wasan da mutum miliyan 33 suka kalla ta talabijin. Nan take ya miƙa ta ga Ted DiBiase, wanda a labarin wasan attajiri ne da ya saye ta, aka kuwa soke cinikin. Daga nan ƙarfinsa ya yi ta raguwa, har ya koma dogara sanda. Wasansa na ƙarshe a Japan ya yi shi, cikin Disamba 1992.

A watan Janairu 1993 ya koma Faransa jana'izar mahaifinsa. A daren 27 wayewar 28 ga watan, zuciyarsa ta tsaya yana barci a wani otal na Paris. Shekarunsa 46, ya bar ɗiya ɗaya. Ya bar wasiyyar a ƙona gawarsa, amma ba a samu wurin da zai ɗauke ta a Paris ba, sai da aka kai ta Amurka. An watsa tokar a gonarsa ta Ellerbe, jihar North Carolina, inda yake kiwon shanu, wurin da ya fi samun sakewa don maƙwabta sun saba da ganinsa.

A wannan shekara kamfanin ya buɗe jerin gwanayensa na tarihi, da sunan Andre aka fara. A WrestleMania ta 30, a 2014, aka ƙirƙiro karon taron dangi don tunawa da shi, Cesaro ya fara lashe kofin.

Mu da muke neman abinci da jikinmu, daga wannan kasuwa zuwa waccan, akwai abin dubawa a nan. Kuɗi na dawowa idan an yi asara, lafiya kuwa idan ta tafi da wuya a sayo ta. Idan likita ya yi magana, mu saurara tun da sauran lokaci. Allah ya ba mu lafiya da kasuwa mai albarka. Sai mun sake haɗuwa.