Sarki Alhaji Abdullahi Bayero: Sarkin da Yaƙin Hitila ya tarar a gadon Dabo

A cikin sarakunan Kano na gidan Dabo, kaɗan ne zamaninsu ya ci karo da girgizar duniya irin wadda ta faru a mulkin Abdullahi Bayero, wanda Kanawa suka fi sani da Sarki Alhaji. Ya hau mulki a 1926, lokacin da Musolini ya gama murƙushe 'yan adawa a Italiya, ya rasu a watan Disambar 1953, shekara takwas bayan Jamus ta miƙa wuya. A cikin waɗannan shekaru 27, 'yan kama-karya suka taso a Turai da Japan, suka jefa duniya cikin yaƙin da ya ci rayuka fiye da miliyan 50. Ba a nemi shawarar Kano ba kafin a fara wannan yaƙi, amma sai da ta biya kasonta da gyaɗa da hatsi da kuɗi da samari.

Asalinsa da tasowarsa

An haifi Abdullahi Bayero a wajajen 1881. Ɗa ne ga Sarkin Kano Muhammadu Abbas, jika ga Abdullahi Maje Ƙarofi, tattaɓa kunnen Ibrahim Dabo, na gidan Sulluɓawa. Ya yi karatun addini a fada kamar yadda 'ya'yan sarauta suke yi. Yana yaro matashi aka yi Yaƙin Basasar Kano tsakanin Tukurawa da Yusufawa, kuma yana da shekara ashirin da 'yan kai lokacin da sojojin Ingila suka shiga birnin a watan Fabrairun 1903. Bayan an kama Sarki Alu, Turawa suka naɗa mahaifinsa, Wambai Abbas. Saboda haka tun da ƙuruciyarsa ya ga abin da bindiga mai ruwa take yi wa ganuwa da doki da mashi, darasin da ya bayyana a irin taka-tsantsan ɗin da ya yi mulki da shi daga baya.

Ya riƙe sarautar Ciroman Kano, ya yi hakimci har da na Bichi, inda ya san harkar haraji da jangali da shari'ar ƙauye daga tushe. Da baffansa Sarki Usman ya rasu a 1926, aka zaɓe shi ya gaje shi. An san shi da ibada da ƙarancin magana da gudun abin duniya.

Shekarun gini da shekarun karayar ciniki

Baitulmalin En'e ta Kano ya fi na kowace masarauta a Arewa ƙarfi, kuma a farkon mulkinsa aka yi manyan ayyuka da shi. An gina asibitin birni wanda yau ake kira Asibitin Murtala, aka jawo ruwan famfo daga Challawa tare da wutar lantarki a 1931, aka kuma buɗe makarantar shari'a a 1934 da malamai daga Sudan, wadda daga baya ta zama Makarantar Koyon Larabci.

Kuɗin waɗannan ayyuka daga harajin talaka suka fito, shi kuwa talaka da gyaɗa yake biya. Tun da jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, gyaɗa ta ɗaure manomin Kano da kasuwannin Turai. Da kasuwar hannun jari ta Amurka ta rushe a 1929, cinikin duniya ya karye, farashin gyaɗa a Kano ya faɗi ƙasa da rabin yadda yake. Haraji kuwa da tsabar kuɗi ake karɓarsa. A ƙasar Kura da Bunkure, inda yau ruwan madatsar Tiga yake shayar da shinkafa da alkama da tumatir, a wancan zamani noman damina ne abin dogaro, sai ɗan lambu a bakin kogi, sai kuma rini, domin Kura ta yi suna wajen turkuɗi da rawanin da Buzaye suke saye har Agadas. Magidanci a waɗannan ƙauyuka sai ya sayar da buhu biyu kafin ya sami abin da buhu ɗaya yake kawo masa a da.

Wannan karayar ciniki ita ce ta share wa Hitila hanya a Jamus. Ƙasar tana jin zafin sharuɗɗan da aka ɗora mata bayan Yaƙin Duniya na Ɗaya, ga marasa aikin yi sun kai miliyan shida a 1932. Hitila ya nuna wa jama'a Yahudawa da 'yan gurguzu a matsayin masu laifi, ya yi alkawarin aiki da dawo da martaba. A ranar 30 ga Janairun 1933 aka naɗa shi shugaban gwamnati bisa tsarin mulki, kuma kafin shekarar ta ƙare ya karɓe ikon majalisa, ya soke ƙungiyoyin ƙwadago, ya haramta duk wata jam'iyya sai tasa.

Tafiye-tafiyensa biyu

A 1934 Sarki Abdullahi Bayero ya tafi Ingila tare da Sarkin Musulmi Hassan ɗan Mu'azu da Sarkin Gwandu Usman, inda suka gana da Sarki Joji na Biyar. A ƙarshen watan Yuni na wannan shekara Hitila ya sa aka karkashe wasu manyan jam'iyyarsa ba tare da shari'a ba, a watan Agusta kuma ya haɗe kujerar shugaban ƙasa da ta shugaban gwamnati a hannunsa.

Ga mutanen Kano, Musolini ne ya fara nuna musu fuskar wannan sabon salon mulki. Akwai tsohuwar hanyar fatauci tsakanin Kano da Turabulus, kuma Larabawan Gadamas da Turabulus sun daɗe da zama a cikin birni, don haka labarin Libiya ba baƙo ba ne a Kasuwar Kurmi. Sojojin Italiya sun tsare dubun dubatar Musulmin gabashin Libiya a sansanoni, suka kama Kufra a farkon 1931, suka rataye Shehu Umar Mukhtar a watan Satumba na wannan shekara. A Oktoban 1935 suka auka wa Habasha, suka yi amfani da iska mai guba, Addis Ababa ta faɗi a Mayun 1936. Ƙungiyar ƙasashen duniya ta wancan lokaci ta yi tir, ta sanya takunkumin da bai haɗa da man fetur ba, daga baya ma ta janye shi. Daga nan kowane ɗan kama-karya ya gane cewa babu mai tare masa hanya.

A 1937 Sarki ya yi aikin Hajji, abin da ya jawo masa laƙabin Sarki Alhaji. A wannan tafiya ya haɗu da Shehu Ibrahim Inyass na Kaulaha, haɗuwar da ta sauya tarihin Tijjaniyya a Najeriya. A watan Maris na shekarar, Musolini ya je Turabulus ya ɗaga wani takobi da aka yi masa suna da takobin Musulunci, yana neman a ɗauke shi majiɓincin Musulmi, alhali jinin Umar Mukhtar bai wuce shekara shida da zuba ba. Wannan kiran bai sami masauki a fadar Kano ba.

Jita-jitar miƙa Najeriya

Bayan Hitila ya haɗiye Ostiriya a Maris 1938, aka kuma sallama masa wani yanki na Cekoslobakiya a taron Munik a watan Satumba, sai maganar tsofaffin ƙasashen da Jamus ta mallaka a Afirka, irin su Kamaru da Togo, ta sake tasowa. Jita-jita ta bazu cewa Ingila za ta iya ba da Najeriya don ta sayi zaman lafiya. Kawar da irin wannan raɗe-raɗi yana cikin dalilan da suka sa aka kafa jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo a Zariya a Janairun 1939, da Malam Abubakar Imam a matsayin edita. A ranar 1 ga Satumbar 1939 Jamus ta auka wa Polan, bayan kwana biyu Ingila da Faransa suka shelanta yaƙi. Najeriya, a ƙarƙashin Gwamna Bernard Bourdillon, ta tsinci kanta a ciki.

Sarki Abdullahi Bayero ya tsaya a ɓangaren Ingila, kamar sauran sarakunan Arewa. Matsayinsa a ƙarƙashin Razdan bai ba shi wata hanya ta daban ba, kuma abin da aka gani a Libiya da Habasha, da aƙidar Hitila ta ɗaukar baƙar fata a matsayin ƙasƙantacce, sun isa hujja ga wanda yake neman hujja.

Yaƙi ya iso ƙofar gida

Da Faransa ta faɗi a Yunin 1940, hukumomin Faransa a Yammacin Afirka suka bi gwamnatin Vichy mai ɗasawa da Jamus. Nijar tana cikinsu. A dare ɗaya Damagaram da Maraɗi suka koma ƙasar da ake yi wa kallon abokiyar gaba, ga iyakar ba ta kai kilomita 200 daga birnin Kano ba. An hana cinikin iyaka a hukumance har zuwa ƙarshen 1942, lokacin da yankin ya sauya sheƙa, kuma ta wannan hanya ce hajar marinan Kura take bi zuwa ga masu sayenta na arewa.

Cadi kuwa, a ƙarƙashin Gwamna Félix Éboué, ta bi Janar de Gaulle a watan Agustan 1940. Wannan ne ya mai da Kano mahaɗa mai muhimmanci a yaƙin. Tun a Nuwambar 1925 jiragen sama suka fara sauka a Kano, kuma daga 1936 jiragen fasinja da wasiƙu suna zuwa daga Hartum. Da Italiya ta shiga yaƙi ta toshe hanyar Bahar Rum, sai Ingila ta riƙa kawo jiragen yaƙi a cikin akwatuna zuwa Takoradi da ke Ghana ta yau, a harhaɗa su, su tashi zuwa Legas, Kano, Maiduguri, Fort Lamy wadda yanzu take Injamena, su ratsa Darfur zuwa Hartum, su ƙarasa Alƙahira. Daga Satumbar 1940 zuwa 1943 jirage fiye da 5,000 suka bi wannan hanya, suka ƙarfafa rundunar da ta karya Janar Rommel a El Alamein a 1942. Jamusawa sun san darajarta, domin a Janairun 1942 wani jirginsu ya ƙetare Sahara ya jefa bama-bamai a kan ma'ajiyar mai ta Fort Lamy.

Abin da talaka ya biya

Ta hannun sarki da hakimai da dagatai da masu unguwanni gwamnati ta riƙa samun abin da take nema. An ɗauki samari aikin soja. Dakarun Najeriya sun yaƙi Italiya a Somaliya da Habasha a 1941, shekarar da Haile Selassie ya koma gadonsa a ranar 5 ga Mayu. Daga 1943 aka kwashi dubun dubata zuwa Indiya da Bama a runduna ta 81 da ta 82, suka fafata da Japan a cikin kurmi da ruwan sama da zazzaɓi. An kuma tara gudummawar kuɗi daga baitulmali da albashin ma'aikata da aljihun 'yan kasuwa, har rundunar jiragen saman Ingila ta sa wa ayarinta mai lamba 91 sunan Najeriya.

Da Japan ta ƙwace Malaya da Singafo a farkon 1942, Ingila ta rasa babbar hanyar samun kuza da man girki daga Gabas, sai nauyin ya dawo kan Najeriya. Aka kafa hukumar da ta zama ita kaɗai mai sayen gyaɗa don fitarwa, a farashin da ta yanke da kanta, aka matsa wa manoma su ƙara noma. Daga 1942 zuwa 1944 aka riƙa ɗibar mutane daga lardunan Arewa zuwa aikin tilas a ramukan kuza na Jos, inda sanyi da cuta da ƙarancin abinci suka kashe da yawa. Aka bi ƙauyuka ana karɓar hatsi don ciyar da sojoji da leburori, ga damina ba ta yi kyau ba, sai yunwar da ake kira 'Yar Gusau ta kama wasu sassan ƙasar Hausa. Gishiri da kananzir da yadi suka yi wuya, tsadar rayuwa ta ci albashi, har ta kai ma'aikatan Najeriya ga yajin aikin gama-gari a 1945.

A nan ne mai nazari yake ganin ƙullin da ke cikin wannan zamani. An kira talakan Kano ya taimaka a karya mulkin danniya a Turai, alhali shi kansa ba shi da ƙuri'a, ba shi da ikon yanke farashin abin da ya noma, ba shi da damar cewa a'a idan dagaci ya kira sunansa. Sarki Alhaji shi ne fuskar da talaka yake gani a kan waɗannan umarni, ko da yake a Legas da Landan aka rubuta su.

Ƙarshen zamaninsa

Sojojin da suka dawo daga Bama sun ga duniya, sun ga Bature yana jin tsoro yana mutuwa kamar kowa. Matasan da suka yi karatun boko sun karanta alkawuran 'yanci da Ingila da Amurka suka yi a lokacin yaƙi. A ranar 8 ga Agustan 1950 aka kafa jam'iyyar NEPU a Kano, wadda Malam Aminu Kano ya zama jagoranta daga baya, kuma babban abin da ta sa a gaba shi ne zaluncin da ake yi wa talaka a ƙarƙashin En'e. A lokacin tsufa ya kama Sarki, ɗansa Ciroma Muhammadu Sanusi ne yake ɗauke da yawancin nauyin mulki. A 1951 aka buɗe sabon Masallacin Juma'a na birni, a Mayun 1953 kuma aka yi rikicin siyasa a Kano kan maganar lokacin karɓar mulkin kai. Bayan wata bakwai Sarki ya rasu. Sanusi ya gaje shi, daga baya ɗansa Ado Bayero ya yi shekara 51 a kan gadon, kuma sunansa ne Jami'ar Bayero take ɗauke da shi.

Manoman rani na Kadawa da Kura da Bunkure sun ga yadda yaƙin Rasha da Yukren ya tayar da farashin taki da alkama a 2022, kamar yadda kakanninsu suka ga karayar 1929 da yaƙin 1939 sun shigo musu rumbu. Tarihin Sarki Alhaji yana tuna wa mai karatu cewa Hitila da ƙuri'a da yunwar jama'a ya fara, aka yi ta lallaɓa shi shekara shida, har wutar da ya kunna ta kai ga gonar da mai ita bai taɓa jin sunan Balin ba. Allah Ya jiƙan Sarki Alhaji, Ya jiƙan waɗanda suka tafi Bama da Jos ba su dawo ba.