Tuna Baya: Damouré Zika, ɗan masunta da ya zama tauraron fim a Nijar

Tun kafin a san Kannywood, Nijar ta yi ɗan wasan da duniya ta san fuskarsa. Shi ne Damouré Zika, wanda ya fito daga zuriyar Sarkawa masu su a kogin Kwara.

A farkon shekarun 1940 ya haɗu da Jean Rouch, injiniya Bafaranshe da ya koma ɗaukar fim, suka ƙulla abotar da ta haura shekara 60.

A fim ɗin "Jaguar", wanda aka fara ɗauka a 1954, ya fito a matsayin saurayin da ya tafi ci-rani Gana, irin tafiyar da samarin Adar ke yi har yau. A "Petit à petit" kuwa, ya zama attajirin da ya je Faris yana awon kawunan Turawa, kamar yadda masu bincikensu suka yi wa baƙar fata. A 1974 ya koma dillalin kaji cikin wata tsohuwar mota a "Cocorico Monsieur Poulet". Ba a rubuta masa zance, nan take yake ƙirƙirarsa.

Duk da wannan suna, bai bar aikin jinya ba. Yana duba marasa lafiya a Yamai, yana kuma wayar da kan jama'a game da kiwon lafiya a rediyon ƙasa.

Rouch ya mutu a haɗarin mota kusa da Birnin Ƙonni, jihar Tawa, a Fabrairun 2004. Damouré ya rasu a Yamai ranar 6 ga Afrilun 2009.